Tukunyar Gayya

Ƙasar Jamus, watan Mayu

Zuwa ga amaryata, Kaka Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da gwiwar nan taki da take hana ki zuwa wurinmu Rijiyar Zaki amma ba ta taɓa hana ki zuwa biki ba. Yaya Kawu Nababa da iyalinsa? Yaya Maijidda? Ni lafiyata ƙalau, sanyi ya sake mu, har na fara fita babu rigar nan mai nauyin buhu.

Kin ce maganar waya ba magana ba ce, iska ce, don haka ga shi na rubuta da hannuna na ɗauki hoto. In Maijidda ta shiga Makoda ta sami sabis za ta kawo miki a wayarta. Ki nemo tabaranki, kada ki ce rubutuna ne ya yi ƙanana.

Taimako nake nema, kuma ke kaɗai kika rage mana a ɗakin su Kakana Malam Muhammadu Sani, ba ni da wanda zan dama sai ke. Karatun da ya kawo ni nan a kan sauyin yanayi ne. Hayaƙin masana'antu da motoci da jirage ya taru a sama shekara da shekaru, shi ne yake ƙara zafi, shi ne yake sa damina ta yi ta wasa da ku. Ƙasashe sun yarda a rage hayaƙin. Inda rigimar take shi ne rabo: wa zai rage da yawa, wa zai rage kaɗan. Wasu sun ce kowace ƙasa ta rage daidai da kowa. Wasu sun ce waɗanda suka daɗe suna turnuƙa shi su ɗauki kaso mafi girma. Wasu kuma sun ce a dubi mai hali, ya ɗauka gwargwadon ƙarfinsa.

Aikina shi ne in ji abin da mutane suke gani, ba manyan da suke zama a taro ba, mutane irin namu. Na ji na Jamusawa har kunnena ya gaji. Ina so ki tambayar mini masu zuwa sayen man gyaɗa da ƙuli a gidanki, da su Kawu Nababa in sun zauna a gindin ɗorawa. Ki rubuto mini abin da suka ce yadda suka faɗa, kada ki gyara musu.

Amma ki kwantar musu da hankali. Babu wanda zai zo ya ce ku daina komai. Ku ba ku ɓata ba, duk hayaƙin garinku bai kai na layi ɗaya a birnin nan ba. A ganina babu kaso ko kaɗan a kanku. Ku dai ku zauna ku huta, masu abin su yi.

Ki gaida kowa da kowa. Na yi kewar ƙulinki, na nan da ake sayarwa a shagon 'yan Afirka kamar tsakuwa.

Angonki,
Uwais

*

Ɗorawar Sama'ilu, ta Makoda, watan Yuni

Zuwa ga angona marar cefane,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta da kaina, kuma rubutun naka ne ƙanana. Muna lafiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya tsiro da kyau, gyaɗa ma ta fito. Gwiwa tana nan, ta gaishe ka. Maijidda, matar ɗana Abdulkabir da kake aike kamar ka aje ta, ta yi nauyi sosai, sai ka riƙa haƙuri da jinkirin amsa.

Na yi maka tambayarka. Wallahi ka haɗa mini kasuwa a tsakar gida, mutum ya zo sayen man cokali biyu sai ya share wuri ya zauna.

Hussaina mai koko ta ce ita ba ta ga abin tambaya ba. In akuyarka ta fasa shingen wani ta ci masa shuka, kai za ka gyara shingen, ba a tara gari a ce kowa ya kawo ƙaya. Alhaji Kamaruddeen mai injin niƙa ya ce a'a, adalci shi ne kowa ya rage daidai da kowa. Sai matan suka kwashe da dariya, don duk garin nan babu mai turnuƙa mana hayaƙi kamar injinsa, in ya tayar da shi ko kaji barin layin suke yi. Ya ce shi ba don kansa ya faɗa ba. Muka ce mun sani, Alhaji. Ɗana Abdulkabir kuwa cewa ya yi su manyan su fara tukuna mu gani da idonmu, don an sha yi mana alkawari a rediyo.

Na tambayi Nababa. Ya ce zai yi tunani. Ni ma ban matsa ba, don ba na son doguwar magana da shi a kwanakin nan, kuma bari in gaya maka dalili.

Ka san gonar masallaci, wadda ake gyaran masallaci da rijiya da abin da ta bayar. Sau biyu ake yi mata gayya, ta noma da ta cirar gyaɗa, kuma Nababa ne yake rabon aiki tun da mahaifinsa ya rasu. Kowane gida da kasonsa. Masu shanun huɗa su ɗauki tsakiya, masu fartanya su bi, tsofaffi su gyara gefe. Ni kasona kunu. Babbar tukunyar gayya a ɗakina take kwana tun kakanka yana da baƙin gashi. To ana jibi gayyar noman bana sai ga Nababa da sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Iya bana ki huta, yara za su dama. Ya sa aka ɗauki tukunyar a gabana aka kai gidansa.

Uwais, a garin nan mutum biyu ake cewa su huta ranar gayya: marar lafiya da mai takaba. Ni wacce ce a ciki? Ranar na zauna a tsakar gida ina jin kiɗan gangar noma daga nesa. Duk wanda ya wuce sai ya leƙo ya ce sannu Iya, sannu da hutawa. Da, in sun dawo daga gona tsiya suke yi mini, wannan ya ce tsamiya ta yi yawa, wancan ya ce na yi rowar sukari, ni kuma in bi su da ludayi. Yanzu sai sannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Ina cikin wannan sai ga takardarka, kai ma daga bayan teku kana cewa mu zauna mu huta. Ashe har duniya ta ji labari. To na gode. Ni dai ba za a yi rabo ina zaune a tsallake ni ba. Zan ɗauki kasona, za ka ji.

Ka riƙa cin abinci, a hoton da uwarka ta nuna mini wuyanka ya yi tsawo.

Amaryarka,
Barira

*

Ƙasar Jamus, watan Yuli

Kaka ta kaina,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, ya damina? Ina lafiya. Wuyana kuma haka Allah ya yi shi, a gidanku na gado.

Na yi dariya har maƙwabcin ɗakina ya buga mini bango. Ki gaya wa Alhaji Kamaruddeen yana da 'yan'uwa da yawa a nan, masu manyan motoci duk ra'ayinsu ɗaya da shi. Maganar Hussaina da ta Kawu Abdulkabir na rubuta su yadda suke. Don Allah ki taya ni matsa wa Kawu Nababa, ina son jin nasa.

Batun tukunya kuwa, Kaka, kada ki sa shi a ranki. Kawu Nababa gata ya yi miki. Shekara nawa kina tsaye a bakin wuta? Ai lokaci ya yi da za a dama a kawo miki har ɗaki, ki sha ki miƙe ƙafa. Ni da ina nan da ni zan fara ɗauke tukunyar. Haka ma maganar hayaƙi. Da na ce babu kaso a kanku, ba raini ba ne, hakkinku ne. Wane kaso za ki ɗauka, ke da ko keke ba ki da shi? Ki bar wa masu jirage kayansu.

Ki huta, amaryata. Ina jiran amsa.

Naki,
Uwais

*

Ƙasar Jamus, watan Agusta

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya, kuma wannan karon da gaske nake tambaya, ba gaisuwar takarda ba ce.

Shiru ya yi yawa. Wayar Maijidda ba ta shiga, ta Kawu Abdulkabir ma haka. Jiya na yi magana da Umma, ta ce wata mata daga wajenku ta zo asibiti a Kano ta biya ta gida, ta ce mata kin kashe wuta. Wai tun bayan takardata ta biyu ba ki ƙara soya gyaɗa ba, ba mai, ba ƙuli, murhunki uku duk sun yi sanyi, kuma in an tambaye ki sai ki ce a tambayi Uwais. Umma ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina firamare. Ta ce na tsorata tsohuwa da karatuna.

Kaka, in wani ya ce miki gwamnati ko Turawa za su kama masu hura wuta, ƙarya ne. Babu wannan maganar ko kaɗan. In kuma jikin ne ya motsa kike ɓoyewa da sunana, ki faɗa mini gaskiya, Umma za ta zo da mota a kai ki a duba ki. Suyar nan ita ce sana'arki, da ita kike riƙe kanki ba kya jiran hannun kowa, kuma na san abin da hakan yake a wurinki. Ba zan iya zama a aji ina maganar adalci tsakanin ƙasashe ba, alhali tambayata ta kashe wutar gidan kakata.

Na kasa karatu. Na buɗe littafi sai in ga murhunki. Don girman Allah ki hura wutarki, ki kuma sa a turo mini ko layi ɗaya ne.

Jikanki,
Uwais

*

Ɗorawar Sama'ilu, watan Satumba

Angona mai kuka,

Wa'alaikumus salam. Share hawayenka, amaryarka ba ta mutu ba, ba ka rabu da cefane ba tukuna. Lafiyata garau. Albishirinka: Maijidda ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Nana Hafsat. Ƙatuwa ce, ga gashi, ga murya, duk gidan nan ba mai barcin rana sai ta yarda. Shi ya sa ka ji shiru. Mai jego ba ta zuwa Makoda, ruwa kuma ya cinye hanyar har babura sun daina shigowa, wayar Abdulkabir ta faɗa kwata ta mutu. Takardunka biyun nan tare suka iso hannuna, bayan an yi suna. Ta farkon cikinsu kuwa tun da wuri na san abin da ke cikinta, don uwarka ta aiko mini da saƙon baki cewa Uwais ya ce ki huta.

Gaskiya ne na kashe wuta. Ba tsoron Bature ba ne, ni da na ga zamanin da ka sani a littafi kawai. Ba ciwo ba ne. Na zauna ne na ce, to, an ce duniya tana rabon rage hayaƙi, an ce ni ba ni da kaso. A gida ma an ce ba ni da kaso. Hayaƙin da nake da shi a duniya na murhun nan uku ne. Sai na yayyafa musu ruwa na kife kaskon suya, na ce ga nawa.

Kai, ashe garin nan a kan ƙulina yake tsaye. Hussaina ta rasa abin da masu koko za su haɗa da shi. Mai tsiren bakin tasha a Makoda ya aiko sau biyu, wai yajinsa ya lalace. Matan gari suka koma sayen man leda, mazansu suna ta ƙorafin miya. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma ina jan carbi, duk wanda ya zo na ce masa hutawa nake yi, ba ku kuka ce in huta ba? Kada ka zaci daɗi na ji. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi da safe, kuma 'yan kuɗin adashina sun ji jiki. Amma na cije.

Ana sauran kwana kaɗan suna sai ga su a zaure: Nababa, Alhaji Kamaruddeen da Abdulkabir, Hussaina ma ta biyo su ta tsaya daga bakin ƙofa. Wai sun zo ba ni haƙuri, don kada a yi suna a gidana da man leda. Na ce ni ba fushi nake yi ba, kason duniya na ɗauka, jikana ne ya kawo maganar daga Turai.

Nan Nababa ya hau. Ka san shi in ana maganar rabon aiki, har hularsa yake turawa ƙeya. Ya ce, Iya, ai ba haka ake rabo ba. Ya ce ya yi tunanin tambayar yaron nan, kuma duk su ukun da suka amsa kowa ya kama gefe ɗaya ne. Wanda dabbarsa ta fasa shinge shi zai fara gyarawa, wannan daban, ba a ma sa shi cikin gayya. In an zo gayya kuma, mai shanu shi ne da tsakiyar gona, ko ya so ko bai so ba. Alhaji ya yi gyaran murya, ba wanda ya kula shi. Nababa ya ce ba a taɓa cewa tsohuwa ta ba da abincin bakinta don mai shanu ya sami sauƙi ba, wannan zalunci ne, kuma ke kika yi wa kanki.

Na ce to, ashe gaskiyar Uwais ce, mu koma gefe mu zauna.

Ya ce a'a, nan kuma yaron ya kuskure. Ko bakin gona ne a ba mu mu gyara. Ya ce shi ya daɗe yana rabon nan, ya sani: duk wanda aka ce ya zauna a inuwa, daga ranar an daina shawara da shi. Ba a tambayarsa yaushe za a cire, ba a tambayarsa me za a yi da amfanin. Sai dai a gaishe shi a wuce. Ya ce in ƙasashen nan suka ce mana ku huta, to sun sallame mu ne cikin ladabi.

Na ce, Nababa, ƙara faɗa, kunnena ya tsufa.

Ya ƙara faɗa, har da ɗaga murya.

Na ce, to ni da ka zaunar a inuwa fa?

Uwais, da ka ga fuskar kawunka. Ya jawo hular gaba, ya mayar da ita baya. Hussaina ta toshe baki da mayafi ta fice, ina jin dariyarta har waje. Can ya ce, Iya, wallahi gwiwarki na duba. Na ce da gwiwa ake dama kunu? Ya ce a'a. Na ce ka tambaye ni? Ya ce a'a. Ya tashi ya fita. Kafin la'asar sai ga shi ya dawo da tukunyar a kansa, shi da kansa, dattijo da furfurarsa, ya ratsa gari da ita kowa yana kallo. Ya sauke ta a ƙofar ɗakina ya ce ga amanarki. Na duba cikinta na ce yaranka ba su iya wanki ba.

Washegari na hura wuta. Maganarsa ta cewa na zalunci kaina gaskiya ce, amma kada ka gaya masa na faɗa. Sai dai ban koma murhu uku ba. Akwai wani murhun laka rufaffe da Maijidda ta koyo a wurin 'yan'uwanta na Bagwai, ta daɗe tana roƙona in gwada ina cewa ba na son tsirfa. Shi na sa ta kwatanta mini daga kan gadon jego, na gina biyu da hannuna. Ɓawon gyaɗa yake ci da 'yan ƙirare, itacen da nake ƙonawa a da ko rabinsa ba na taɓawa yanzu, idona ma ya daina ruwa. Wannan shi ne gefen gonar da na ɗauka, daidai ƙarfina.

Saura kai. In za ka kai maganarmu ka kai ta duka. Kada ka je ka ce musu mutanen Ɗorawar Sama'ilu sun yafe. Ba mu yafe ba, shingen nan su suka fasa, su gyara. Kuma su ne masu shanu, tsakiya tasu ce. Ka ce musu wata tsohuwa ta riga su fitowa, tana bakin gona tana jira.

Nana Hafsat tana gaida mijin kakarta.

Barira

*

Ƙasar Jamus, watan Satumba

Kaka,

Wa'alaikumus salam, alhamdu lillahi. Barka da arziki, Allah ya raya Nana Hafsat, ya ba mai jego lafiya. Na karanta takardarki a tashar jirgin ƙasa, ina dariya ina share ido, wata tsohuwa ta miƙo mini hankici.

Ki yafe mini. Kina gaya mini abin da yake ci miki rai, ni kuma ina ta tura miki sannu kamar sauran. Har yanzu ina nan a kan cewa nauyin na masu jirage ne, kuma na ga ku ma ba ku ce ba haka ba. Abin da ban gani ba shi ne inuwar nan da Kawu Nababa ya faɗa. A tambayoyin da nake yi wa mutane babu inda na tambayi wanda aka ɗauke wa kaso ko yana so a ɗauke masa. Na gaya wa malamata, ta ce in ƙara shi, ta kuma tambaye ni ko Kawu Nababa zai yarda a rubuta sunansa. Ki tambayar mini shi, amma ki bari sai ya sauke hular.

Abin da nake ta ji a nan bai yi nisa da na zaurenki ba. Kusan kowa yana son rabon da zai fi yi masa sauƙi, irin na Alhaji. Amma da yawa, in ka ce musu wasu sun riga sun fara, sai ka ga sun sassauto. Yanzu ina da wadda zan ce ta fara.

Fahad abokina yana Kano hutu, zai dawo nan bayan an cire gyaɗa. Ban ce komai ba, na dai faɗa miki ne.

Naki har kullum,
Uwais

*

Ɗorawar Sama'ilu, watan Oktoba

Angona,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu. Nana Hafsat ta fara dariya, kuma ni ta fara yi wa, kome uwarta za ta ce. Nababa ya ce a rubuta sunansa, a kuma rubuta cewa shi ne mai rabon gayya, kada Turawa su zaci wani Nababan ne.

An yi gayyar cirar gyaɗa ranar Asabar. Tun da hantsi na dama kunun a sabon murhu. Ban iya ɗaukar tukunyar ba, wannan kam na yarda, a amalanken Alhaji Kamaruddeen aka ɗora ta, ni ma aka ɗora ni, na shiga gona a zaune kamar amarya. Gyaɗa ta yi 'ya'ya bana, in ka cira ɗaya sai ka ji nauyi a hannu. Masu ganga suna ta yi, ƙura tana tashi, Nababa yana tsakiya yana nuna wa kowa inda zai kama. Da ya zo kiran gidaje ya kira nawa da ƙarfi, ya ce gidan Iya Barira, kunu. Na ce ga shi.

Da rana ta take suka taho inuwa, na zauna da ludayina ina zubawa. Kowa ya karɓa ya ce sannu Iya, an gode Iya. Na ce a raina shi ke nan, tukunya ta dawo amma ni ban dawo ba. Sai Nababa ya kafa kai ya shanye kwanonsa, ya goge baki, ya ɓata fuska. Ya ce, Iya, wai tsamiyar garin nan duka kika zuba ne? Haƙorana sun mutu.

Sai Abdulkabir ya ce shi kuma sukari ne bai ji ba. Alhaji ya ce ai Iya da rowa aka haife ta. Na tashi da ludayi, gwiwar ma ta manta da kanta, na bi Nababa har bakin gona yana kare kai yana dariya. Da na dawo na zauna sai na ji idona ya cika. Hussaina ta ce lafiya? Na ce ƙura ce. Ta san ba ƙura ba ce. Rabona da farin ciki irin na ranar nan na manta. Tukunyar kuwa ko ɗigo ba su bari ba, masu cewa ya yi tsami.

Na aika wa uwarka ƙuli ta ba Fahad ɗin naka, na sabuwar gyaɗa ne, suyar sabon murhu. Ka ci ka gaya mini gaskiya.

Amaryarka,
Barira

*

Ƙasar Jamus, watan Nuwamba

Kaka,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, sanyi ya dawo, rigar buhu ta fito. Ki gaida Kawu Nababa, ki ce sunansa ya shiga yadda ya ce. Ki shafa mini kan Nana Hafsat.

Ƙuli ya iso. Na zauna na ci shi a tsanake, don kin ce in faɗi gaskiya.

Gishiri ya yi yawa, Kaka. Kuma kin yi rowa, ko mako bai yi mini ba. Ki gyara hannu kafin in dawo, ki kuma aje ludayin kusa.

Angonki,
Uwais